Kafin ka yi wa kwamfutarka fomat, karanta abin da Gradle ya rubuta

Duk wanda ya leƙa ɗakin kwamfuta a zangon ƙarshe, lokacin da 'yan ND II da HND II ke fama da furojet, ya san wannan yanayi. Mutum ya zauna gaban kwamfuta ya yi tagumi, ƙasan allo ya cika da jan rubutu, shi kuwa sai danna "Try Again" yake yi kamar mai buga ƙofar gidan da ba kowa. Ka tambaye shi me ya faru, sai ya ce maka "Android Studio ɗin ne ya lalace." Ka ce me ya rubuta? Sai ya ce, "Wallahi ban ma karanta ba, Turanci ne dogo."

Bara wata 'yar ajinmu ta shiga irin wannan. Manhajar ɗaukar sunayen masu halartar lacca take haɗawa, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da yayanta ya ba ta bayan ya rufe shagon buga takardunsa. Saura kwana tara ta kare aikinta gaban malamai, sai abu ya ƙi haɗuwa. Ta cire Android Studio ta sake sakawa har sau biyu, datarta ta ƙare. Daga nan ta kai kwamfutar wajen mai gyara a kasuwa, ya ce sai an yi mata fomat. Aka yi, babi na uku na rubutunta ya tafi da shi domin ba ta ajiye shi a wani wuri ba. Ta dawo gida ta sake saka komai, kuskuren nan na nan daram yadda ta bar shi. Zan faɗi abin da ya jawo shi idan mun zo wurin. Gyaran dai bai kai minti biyu ba.

Abin da nake so mu fahimta shi ne, a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Ko dai wasu abubuwa uku ne ba su jitu da juna ba, ko wani fayil ne bai gama saukowa ba, ko kuma Gradle na neman abu a inda ba ya nan. Kuma kusan kullum yakan faɗa maka wanne ne daga ciki.

Wane ne Gradle ɗin ma?

Da yawanmu mun ɗauka Android Studio ne ke mayar da abin da muka rubuta ya zama manhajar waya. Ba shi ba ne. Android Studio wurin rubutu ne. Idan ka danna koren maɓallin nan, sai ya miƙa aikin ga wata manhaja daban mai suna Gradle, wadda Google ta ɗauka tun da ta gabatar da Android Studio a 2013. Ko da Flutter ko React Native kake aiki, idan aka zo fitar da APK, hannun Gradle za ka faɗa.

Ɗauke shi a matsayin magini. Ka ba shi zane, ka ba shi jerin kayan da za a saya. Jerin nan shi ne abin da ke cikin fayil ɗin build.gradle, inda ka rubuta cewa aikinka na buƙatar Firebase ko Retrofit ko Glide. Waɗannan su ne kayan aro, wato laburaren da wasu suka rubuta kai kuma kake jingina da su. Gradle zai shiga intanet ya ɗauko su, ya ɗauko waɗanda su ma suke jingina da su, sannan ya fara gini. Shi ya sa sabon aikin da ba ka rubuta ko layi ɗaya a ciki ba yake iya cin data mai yawa a ranar farko.

Idan ginin ya tsaya, kar ka fara da layin ƙarshe mai cewa "BUILD FAILED". Wannan sanarwar rasuwa ce kawai, ba ita ce cutar ba. Haura sama ka nemo inda aka rubuta "What went wrong", ka karanta layi biyu ko uku da ke ƙarƙashinsa. Idan kurakurai goma ne suka jero, na farkon shi ne naka, sauran yawanci 'ya'yansa ne. In kuma tagar Android Studio ta gutsure saƙon, buɗe Terminal da ke ƙasa ka rubuta gradlew assembleDebug --stacktrace, a PowerShell kuma ka sa .\ a gaban gradlew ɗin. A nan za ka ga zancen gaba ɗayansa.

Mutum uku da dole su jitu

Nan ne gizo ke saƙar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Abu uku ne ke aiki tare, kowanne da lambar sigarsa. Akwai Java, wato JDK, wanda Gradle ke gudana a kansa. Akwai Gradle ɗin kansa, wanda sigarsa ke rubuce a fayil ɗin gradle-wrapper.properties cikin foldar gradle\wrapper, a layin da ya fara da distributionUrl. Sai kuma Android Gradle Plugin, da ake taƙaitawa AGP, wanda shi ne ya koya wa Gradle yadda ake gina manhajar Android. Sigarsa na cikin build.gradle na saman aikin, ko settings.gradle, a sababbin ayyuka kuma cikin libs.versions.toml. Mutane na rikita Gradle da AGP saboda lambobinsu sun yi kama, amma abu biyu ne daban, kamfanoni biyu ne ma ke yin su.

Kowanne yana da sharaɗi a kan ɗan uwansa. AGP 7.0 na buƙatar Java 11 da aƙalla Gradle 7.0.2. AGP 8.0 na buƙatar Java 17 da aƙalla Gradle 8.0. Shi kuma Gradle ba ya iya gudana a kan Javan da ya fi shi sabunta: sai daga 7.3 ya fara ɗaukar Java 17, sai daga 8.5 ya fara ɗaukar Java 21.

To yanzu ga abin da ke faruwa da mu. Ka samo aiki daga GitHub, ko wani siniya ya tura maka nasa na shekara uku da suka wuce domin ka ga yadda ake yi. A ciki an rubuta Gradle 6.7.1 ko 7.2. Kai kuma jiya ka sauke sabon Android Studio, wanda ke zuwa da Javansa a ciki, a wata folda mai suna jbr. Sigar Flamingo ta 2023 ta zo da Java 17, sigar Ladybug ta 2024 ta zo da Java 21. Tsohon Gradle ya ci karo da sabon Java, sai ka ga:

Unsupported class file major version 65

Wannan lamba ta firgita mutane da yawa, alhali lissafinta na 'yan firamare ne. Cire 44 daga ciki, abin da ya rage shi ne sigar Java. 65 na nufin Java 21, 61 na nufin Java 17, 55 Java 11 ke nan, 52 kuma Java 8. Saƙon na cewa ne, "An ba ni Java 21, ni kuwa ban san shi ba."

Hanya biyu ce. Ko ka ɗaga Gradle ya kamo Javan, ko ka sauko da Java ya daidaita da aikin. Idan lokaci ya ƙure maka, ni dai shawarata ka sauko da Java. Shiga Settings, sai Build, Execution, Deployment, sai Build Tools, sai Gradle, za ka ga wurin da aka rubuta Gradle JDK. Daga nan kana iya zaɓar wani JDK ko ka sauke 11 ko 17 kai tsaye. Ba ka taɓa ko layi ɗaya na aikin ba. Ɗaga Gradle kuwa kamar jan zare ne a tsohuwar riga: ka ɗaga shi, AGP ya ce shi ma sai an ɗaga shi, ka kai AGP 8, sai ya ce "Namespace not specified" domin daga wannan siga dole a rubuta namespace a build.gradle na kowane sashe, daga nan Kotlin ma ya kawo nasa ƙorafin. Ana iya yi, kuma yana da kyau ka koya, amma ba a makon difens ba.

Wani lokacin ma saƙon a fili yake. Zai ce maka AGP na buƙatar Java 17 amma kana amfani da 11, ko ya ce mafi ƙarancin Gradle da zai karɓa shi ne 8.0 kai kuma kana kan 7.5. Ya ba ka lambar da hannunsa. Abin da ya rage ka je ka rubuta ta inda ya dace.

Akwai wani tarko da ya taɓa cin min yini guda. Aiki na haɗuwa lafiya idan na danna koren maɓalli, amma in na rubuta umarni a Terminal sai ya ƙi. Ashe kwamfutar Java biyu gare ta. Android Studio na bin wanda aka zaɓa a Settings, shi kuwa gradlew da ka kira da hannu yana bin JAVA_HOME na Windows, wanda ke nuna tsohon Java 8 da muka saka tun ND I lokacin da ake koya mana NetBeans. Rubuta gradlew --version, zai nuna maka Gradle nawa ne da kuma JVM ɗin da yake kai. Idan ka gyara JAVA_HOME, rufe tagar umarnin ka buɗe sabuwa, domin tsohuwar ba ta san an canza komai ba. Ka kuma rubuta gradlew --stop don kashe Gradle ɗin da ke labe a bayan fage. Masu Flutter su yi flutter doctor -v, zai nuna Javan da yake amfani da shi.

Abin da wuta da netwok ke jawowa

Wanda ya rubuta amsar da ka gani a Stack Overflow, mai yiwuwa ba a taɓa ɗauke masa wuta yana tsakiyar saukar da fayil ba. Mu kuwa kwamfutar tebur ba ta da batir, NEPA na ɗaukewa ta mutu nan take, kafin a tayar da janareta an yi ɓarna.

Karon farko da ka buɗe aiki, ana sauke Gradle ɗin da aikin ya nema, fayil ɗin zip ne da ya haura megabayit 100. Idan abin da ya sauko gutsure ne, za ka iya ganin "zip END header not found" ko wani saƙo mai kama da shi game da buɗe zip. Sake saka Android Studio ba zai yi maganin wannan ba, domin gurɓataccen fayil ɗin ba a cikinsa yake ba. Yana C:\Users\sunanka\.gradle\wrapper\dists. Shiga ka goge foldar sigar da ta lalace, ita kaɗai, ka sake gwadawa inda netwok ke da ƙarfi.

Ka lura na ce ita kaɗai. Shawarar da ta fi yawo a guruf ɗin aji ita ce "goge .gradle gaba ɗaya." Tana aiki wani lokaci, amma a cikin foldar nan ne duk kayan aron da ka taɓa saukewa suke. Ka goge ta, ka sake sayen data ke nan. Wanda ke da Wi-Fi a gida ba zai ji komai ba, amma ɗalibin da ke lissafin ko ya sayi gigabayit biyu ko ya ci abincin rana, ya kamata ya yi tunani tukuna.

Wannan folda ma dukiya ce da za a iya rabawa. Idan abokinka ya riga ya sauke sigar Gradle ɗin da kake buƙata, kwafo foldar daga dists nasa a filash ka zuba a naka. Sunan ƙaramar foldar da ke ciki, mai haruffa barkatai, daga adireshin distributionUrl ake samar da shi, don haka in adireshinku ɗaya ne za ta zauna daidai. Amma duba ƙarshen sunan, domin wanda ya ƙare da bin daban yake da wanda ya ƙare da all. Haka foldar caches\modules-2, tun daga Gradle 6.1 ana iya kwafe ta zuwa wata kwamfutar, a bar fayilolin da suka ƙare da .lock. Da 'yan aji za su haɗa kai mutum ɗaya ya sauke sauran su kwafa, da an huta da asara mai yawa. A dai duba filash ɗin, kowa ya san irin ƙwayoyin cutar da ke yawo a kwamfutocin lab.

Da zarar aiki ya haɗu sau ɗaya, kana iya kunna Offline Mode a tagar Gradle da ke gefen dama, ko ka ƙara --offline a umarninka, ya daina leƙa intanet. Sai dai ka tuna ka kunna. Ranar da ka ƙara sabon laburare ka ga "No cached version available for offline mode", ba wani abu ba ne, kai ne ka rufe ƙofa ka kuma aiki yaro kasuwa.

Yanzu mu koma kan 'yar ajinmu. Saƙon da ke fito mata yana ɗauke da kalmomin PKIX da certificate da validity. Da wani ya zauna ya karanta shi a nitse, sai ya kalli agogon da ke kusurwar allo: kwamfutar na nuna wata shekara da ta wuce tuntuni. A kan babban allon cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo idan an kashe wuta. Nata ya mutu, don haka duk sanda aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya. Rumbunan da Gradle ke ɗauko kaya suna amfani da HTTPS, takardar shaidarsu kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. A idon kwamfutar da ke zaune a shekarun baya, takardar ba ta fara aiki ba tukuna, sai Java ya ƙi yarda da ita. Aka gyara kwanan wata, aiki ya haɗu. Batirin kuwa ko wajen masu gyaran agogo ana samunsa. Babi na ukun ne dai sai da ta sake rubuta shi daga farko.

Idan agogo daidai yake amma har yanzu ana cewa "Connection refused" ko "timed out" alhali burauza na buɗe shafuka, buɗe gradle.properties da ke cikin .gradle ka duba ko akwai layukan da suka fara da systemProp.http.proxyHost. A kwamfutar da hannu da yawa ya taɓa, sau da yawa wani ne ya saka firoksi ya tafi ya bar shi.

"Could not find": an je kasuwa ba a samu ba

Bambanci ne tsakanin "Could not GET" da "Could not find". Na farko na nufin ba a isa kasuwar ba, matsalar hanya ce. Na biyu na nufin an isa, an duba, babu kayan. Ƙarƙashinsa za ka ga "Searched in the following locations" da jerin wuraren da aka duba. Karanta jerin. Wani lokaci harafi ɗaya ka kuskure a sunan, ko ka rubuta sigar da ba a taɓa fitarwa ba.

Idan tsohon aiki ne, nemi kalmar jcenter(). Wannan rumbu ne da kusan kowane aikin Android ke amfani da shi a da, har kamfanin JFrog ya sanar a Fabrairun 2021 cewa zai rufe shi. Mayar da shi mavenCentral(), ka tabbata google() na nan. Yawancin sanannun laburare sun koma can, amma wasu ƙanana da masu su suka watsar ba su koma ko'ina ba, sai dai ka nemi madadinsu. Wasu kuma a JitPack suke, irin MPAndroidChart da masu zana jadawali ke so, dole ka ƙara adireshin jitpack.io da kanka. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe: tsofaffin bidiyoyin YouTube za su ce ka saka shi a build.gradle ƙarƙashin allprojects, alhali a sababbin ayyuka wurinsa settings.gradle ne, cikin dependencyResolutionManagement. Duk amsar da za ka kwafa daga intanet, fara duba shekarar da aka rubuta ta. Amsar 2017 gaskiya ce a 2017.

"Duplicate class" kuma akasin haka ne, kaya ɗaya ya shigo ta ƙofa biyu. An fi ganinsa idan tsohon laburaren com.android.support ya haɗu da AndroidX. Umarnin gradlew app:dependencies zai zana maka wa ya jawo wa.

Inda ka ajiye aikin

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Idan ka sa wa folda suna "Aikin Ƙarshe" da ƙ mai lanƙwasa, ko sunan da ka shiga Windows da shi na da ɗ ko ɓ kuma aikin na ƙarƙashinsa, AGP zai tsaya ya ce "Your project path contains non-ASCII characters". Ina cikin masu faɗa a rubuta Hausa da haruffanta, amma ban da sunan foldar furojet. Haka kuma Windows na da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 a tsawon adireshin fayil, Gradle kuwa na ƙirƙirar folda cikin folda masu dogayen sunaye. Aikin da ke Desktop, cikin "New folder (3)", cikin "project final final corrected", yana iya faɗuwa saboda wannan kaɗai. Buɗe C:\aiki ka zuba shi a can, babu tazara a sunan, kuma nesa da OneDrive.

In kuma daga kwamfutar wani ka kwafo aikin ka ga ƙorafi a kan wurin SDK, buɗe local.properties. Layin sdk.dir na nuna foldar mai aikin ne, da sunansa a ciki. Goge fayil ɗin ka sake buɗe aikin, Android Studio zai rubuta sabo da adireshinka.

Masu RAM gigabayit 4, idan kuka ga "Java heap space" ko aka ce daemon ya ɓace ba zato, ba sigar komai ba ce, wuri ne ya ƙare. Rufe Chrome, ka manta da emuleta, ka jona wayarka da kebul ka kunna USB debugging. Layin org.gradle.jvmargs a gradle.properties shi ke faɗin yawan abin da Gradle zai ci, kuma ba shi -Xmx4096m a kwamfutar da duka-duka abin da take da shi ke nan ba zai ƙara mata komai ba.

Duk gyaran da za ka yi, canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya kwafo gyara biyar daga wurare biyar ya zuba lokaci guda, ko aikin ya tashi bai san wanne ya yi ba, in kuma ya ƙara rikicewa bai san wanne zai cire ba. Kafin ka fara, yi commit idan kana amfani da Git, in ba ka yi, ko zip ɗin foldar ka ajiye.

Ranar da aikin ya haɗu, ɗauki biro ka rubuta lambobi ukun nan a bayan littafinka: Java kaza, Gradle kaza, AGP kaza. Idan Android Studio ya fito da ɗan saƙo a kusurwa yana ba ka shawarar ɗaga AGP, rufe shi sai bayan difens. Daren ranar kuma ka cire intanet, ka gina aikin da --offline ka ga ko zai tashi, domin ba ka san halin netwok a ɗakin da za a zauna ba. Fayil ɗin app-debug.apk yana cikin app\build\outputs\apk\debug. Saka shi a wayarka, ka tura wa abokin aikinka kwafi, ka ajiye wani a filash tare da babi biyar ɗinka.